Alhakin mai masauki: kalaman ƙiyayya, kamfanonin intanet da dokar Nijar

Ranar 10 ga watan Yunin 2020 aka tsare ƴar jarida Samira Sabou a gidan kason Yamai. Makonni biyu kafin nan ta yi rubutu a shafinta na Facebook a kan binciken kuɗin sayen makamai a ma'aikatar tsaron ƙasa. Ba ta ambaci ɗan shugaban ƙasa na lokacin, Sani Mahamadou Issoufou, a rubutun ba. Wani mai karatu ne ya zo ƙarƙashin rubutun ya kama sunansa, shi kuwa ya kai ƙara cewa an ɓata masa suna. Ta yi kwana 48 a tsare kafin kotu ta sallame ta ranar 28 ga Yuli. Shari'ar ta ɓata suna ce, ba ta kalaman ƙiyayya ba, amma ita ta fito da tambayar a fili: idan magana ta fito daga bakin wani a dandalin wani, wa ke ɗaukar alhakinta? Amsar da aka bayar a aikace ita ce mai shafin, mutum guda da ke zaune a Yamai, wanda hannun hukuma ke iya kai wa gare shi kafin azahar. Kamfanin da ya gina dandalin, wanda na'urarsa ta zaɓi mutanen da za su ga rubutun, ya kuma karɓi kuɗin talla a gefensa, ko sammaci bai gani ba.

Wannan rabon alhaki bai yi adalci ba, bai kuma kare kowa daga fitina ba. A ɓangaren mai furta magana, Nijar ba ta rasa doka ba. Doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yulin 2019, wadda ke hukunta laifukan intanet, ta tanadi ɗauri da tara ga wanda ya ɓata sunan wani, ko ya zage shi, ko ya yaɗa bayanan da ka iya dagula zaman lafiyar jama'a ko taɓa mutuncin ɗan Adam. A 2022, zamanin Mohamed Bazoum, majalisar dokoki ta cire ɗauri daga laifin ɓata suna da zagi, ta bar tara. Ranar 7 ga Yunin 2024 Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu a kan dokar da ta maido da ɗaurin: shekara 1 zuwa 3 ga ɓata suna da zagi, shekara 2 zuwa 5 ga yaɗa abin da ke dagula zaman lafiya, da tarar da ke kaiwa sefa miliyan 5. Tun kafin waɗannan duka, aya ta 102 ta kundin hukunta laifuka ta tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 5 ga nuna bambancin ƙabila da farfagandar ɓangaranci da ke iya haɗa ƴan ƙasa faɗa. Gwamnatoci uku ke nan suka taɓa wannan batu cikin shekara biyar, muhawarar kuwa ba ta wuce wuri ɗaya ba: a ɗaure ɗan ƙasa ko a ci shi tara? Waɗanda ake gani gaban alƙali ƴan jarida ne, da ƴan fafutuka, da talakawa masu wayar salula. Kamfanonin da ke Kalifoniya da Singafo, waɗanda su ne masu filin da ake wannan magana, suna waje da da'irar baki ɗaya.

A Zongo, tsohuwar unguwar baƙi da fatake da ke tsakiyar Yamai kusa da Maourey da ƙaramar kasuwa, tambayar wa ke ɗaukar alhaki ba sabuwa ba ce, domin a kanta irin waɗannan unguwanni suka ginu. Daga Salaga da Kumasi har zuwa Sabon Ibadan, duk inda Hausawa suka kafa zango, fatauci ya dogara ne a kan mai masauki, wanda fatake ke kira maigida ko fatoma. Shi ke ba baƙo ɗaki, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya yi masa tafinta, ya karɓi la'ada. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya yi bincike a Sabon Ibadan ya kuma buga sakamakonsa a 1969, ya nuna cewa a cinikin shanu maigida ne ke tsayawa lamuni tsakanin mai dabba daga arewa da mahaucin gari. Idan mahauci ya ci bashi ya ƙi biya, maigida ake bi. Wanda ya ci ribar haɗa mutane, shi ke ɗaukar nauyin abin da haɗuwar ta haifar, kuma ba don wannan lamuni ba, da babu mai miƙa garkensa ga mutumin da bai taɓa gani ba. Amma nauyin yana da iyaka, kuma iyakar tana da muhimmanci kamar nauyin kansa. Babu mai hankalin da zai kama maigida da laifin abin da baƙo ya raɗa a ɗaki cikin dare. Sai fa idan maƙwabta sun zo sun gaya masa cewa baƙonsa na tsayawa a ƙofar gida yana kiran a far wa mutanen unguwa kaza, ya ji, yana da ikon sallamarsa, ya bar shi saboda la'ada. Daga wannan lokaci ba zai ce ba ruwansa ba. Sani, da iko, da riba: inda ukun nan suka haɗu, alhaki ya tabbata. Ma'aunin da ya kamata a ɗora Facebook da TikTok da YouTube a kai ke nan, ba ƙari ba ragi.

Abin da ke cikin haɗari ba ƙarami ba ne. Zaɓen shugaban ƙasa na 2020 zuwa 2021 ya zo da gardama a kan takardun zama ɗan ƙasa na ɗan takara Bazoum. Gardamar tana da hurumi a kotu, kotun tsarin mulki kuma ta yanke hukuncinta, amma a wayoyin mutane ta rikiɗe ta koma maganar launin fata da asalin ƙabila. Da aka bayyana sakamakon zagaye na biyu ranar 23 ga Fabrairun 2021, tarzoma ta ɓarke a Yamai. Ministan cikin gida na lokacin, Alkache Alhada, ya ce mutum 2 sun mutu, an kama 468. An cinna wa gidan ɗan jarida Moussa Kaka wuta. Maganin da hukuma ta samo shi ne katse intanet ɗin wayar salula na kimanin kwana 10. A lura da wanda ya biya kuɗin wannan magani: ɗan kasuwar Zongo da ke karɓar hoton kaya da farashi daga Kwatano da Lome da Kano ta WhatsApp, da ɗalibi, da mai jiran saƙon ɗansa da ke ci-rani. Ƙasar da ba ta da hanyar tilasta wa kamfani ya sauke rubutu goma masu haɗari, sai ta rufe bakin mutum miliyoyi. A wannan shekarar dai aka kashe kimanin mutum 100 a Tchoma Bangou da Zaroumdareye ranar 2 ga Janairu, aka kashe 137 a yankin Tillia ranar 21 ga Maris. A ƙasar da ake binne gawa da yawa haka, saƙon da ke cewa ƙabila kaza dukansu ƴan ta'adda ne ya wuce zagi, domin akwai mai riƙe da bindiga da ke jiran wanda zai ba shi hujja. Masu cewa ƙiyayya ta girmi intanet sun yi gaskiya. A Toda, cikin jihar Maraɗi, an kashe Fulani fiye da 100 a watan Oktoban 1991, akasarinsu mata da yara, babu wayar salula ko ɗaya a wurin. Sai dai jita-jitar da a da take bin ƙafa daga kasuwa zuwa kasuwa, tana haɗuwa da dattijon da zai ce a dakata a bincika, yanzu cikin sa'a guda take isa Damagaram da Agadas da Diffa, da hoto, da murya, da sunan wanda ake nufi.

Hujja mafi ƙarfi da kamfanonin ke kawowa ita ce su hanya ce kawai, ba su ne masu magana ba. Wannan hujja tana da tarihi, kuma a Amurka aka haife ta. A 1991 wata kotu ta wanke kamfanin CompuServe daga ƙarar ɓata suna saboda ba ya duba abin da mutane ke rubutawa. A 1995 wata kotun ta kama kamfanin Prodigy da irin wannan laifi saboda shi yana dubawa yana tacewa. Sakamakon ya zama baibai: wanda ya yi ƙoƙarin tsaftace dandalinsa ya shiga uku, wanda ya rufe ido ya tsira. Don gyara wannan majalisar Amurka ta kafa sashe na 230 a 1996, wanda ya ce ba za a ɗauki mai dandali a matsayin mawallafin abin da wani ya rubuta ba. An yi dokar shekara 8 kafin a kafa Facebook, a lokacin da rubutu ke zama inda aka ajiye shi sai wanda ya nema ya gani. Hujjar hanya har yanzu ta dace da Airtel da Moov da Zamani da Niger Télécoms, waɗanda ke ɗaukar saƙo daga waya zuwa waya ba tare da zaɓar abin da ke ciki ba, kuma kuskure ne a ɗora musu alhakin kalaman mutane. Amma dandalin da ke da tsarin lissafi mai zaɓar wa kowa abin da zai gani da farko, da abin da zai biyo baya, ya tashi daga matsayin hanya. Takardun cikin gida da tsohuwar ma'aikaciyar Facebook Frances Haugen ta fitar a 2021 sun nuna cewa daga 2017, na tsawon wani lokaci, tsarin yana ba alamomin motsin rai, har da alamar fushi, maki ninki biyar na alamar so. Rubutun da ya fi harzuƙa mutane shi ya fi tafiya nesa, domin mai fushi ya fi daɗewa a kan waya, wanda ya daɗe kuwa ya fi ganin talla. Wannan zaɓi ne da injiniyoyi suka yi, shugabanni suka amince da shi, ba ƙaddara ba ce.

An ga inda zaɓin ya kai. A Myanmar, inda Rohingya fiye da 700,000 suka tsere zuwa Bangladesh daga 2017, masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce Facebook ya taka muhimmiyar rawa wajen yaɗa ƙiyayya, kamfanin da kansa kuma ya amsa a watan Nuwamban 2018 cewa bai yi abin da ya isa ba. A Habasha, an harbe Farfesa Meareg Amare, malamin kimiyyar sinadarai ɗan asalin Tigray, a ƙofar gidansa a Bahir Dar ranar 3 ga Nuwamban 2021, bayan an yaɗa hotonsa da inda yake zaune tare da zarge-zarge a Facebook. Ɗansa Abrham ya ce ya yi ta kai ƙorafi ta hanyar da kamfanin ya tanada, ba a ɗauki mataki ba sai bayan an kashe mahaifinsa. Ba a ce kamfanin ya yi niyyar kisa ba, kuma a nan ya bambanta da masu gidan rediyon RTLM na Ruwanda waɗanda kotun duniya ta Arusha ta ɗaure a 2003, domin su da gangan suka kira a yi kisan. Laifin da ake magana a kai sakaci ne bayan an sanar, irin wanda ake biyan diyya a kansa. Doka ta san wannan bambanci tun da daɗewa a kowane fanni, daga mai gini zuwa mai sayar da magani, babu dalilin da zai sa ta manta da shi idan an zo kan mai dandali.

A ƙasa irin Nijar sakacin yana farawa ne daga harshe. Takardun Haugen sun nuna kashi 87 cikin 100 na lokacin aikin da kamfanin ya ware don gano labaran ƙarya na Amurka ne, sauran duniya ta raba kashi 13. Binciken da BBC ta yi a 2018 a kan rikicin jihar Filato, inda hotunan ƙarya suka yaɗu kafin a tare hanya a kashe matafiya, ya gano masu tantance labari na cikakken lokaci 4 ne kacal ga masu amfani da Facebook miliyan 24 a Najeriya. Da kamfanin ya sanar da buɗe cibiyar tace rubutu a Nairobi a 2019, da ma'aikata kimanin 100, harsunan da ya ambata su ne Somaliyanci da Oromo da Swahili da Hausa. Ba a ji Zabarmanci ba, ba a ji Fulatanci ko Tamashek ko Barbarci ba, ga shi a fada guda ta matasan Zongo ana iya jin uku daga cikinsu kafin a sauke shayi na biyu, da Faransanci a tsakani. Ko Hausar ma, sanin kalmomi bai isa ba. Nijar ƙasa ce ta wasan taubasantaka, al'adar da UNESCO ta sa a jerin gadon ɗan Adam a 2014. Bafillace na iya kiran Babarbare bawansa, Bagobiri ya yi wa Bazabarme ba'a mai zafi, Bazabarme ya tsokani Buzu, a yi dariya a watse, zumunci ya ƙaru. Na'urar da aka horar da kalmomi za ta ga wannan ta ce ƙiyayya ce ta goge, sannan ta bar habaicin da babu zagi ko ɗaya a cikinsa amma duk ɗan gari ya san kira ne a ɗauki makami. Wanda zai bambance su sai mutumin da ya tashi a cikin al'adar, kuma ɗaukar irinsa aiki kuɗi ne. Kamfani ba zai kashe wannan kuɗi a ƙasar da tallarta ba ta da yawa ba, sai idan rashin kashewar ya fi tsada. A watan Janairun 2025 ma shugaban kamfanin, Mark Zuckerberg, ya sanar da daina aiki da masu tantance labari a Amurka tare da sassauta ƙa'idojin kalaman ƙiyayya, abin da ya nuna cewa alkawarin da babu doka a bayansa yana canzawa ne da iskar siyasar Washington.

Akwai tsoron da ya fi hujjar kamfanoni nauyi, kuma daga ƴan jarida da masu kare haƙƙin ɗan Adam yake fitowa: duk dokar da ta ba hukuma ikon cewa a sauke rubutu, gobe da ita za a sauke sukar gwamnati. Wannan tsoro ba a banza yake ba. A watan Janairun 2022 kotun Yamai ta yanke wa Samira Sabou da Moussa Aksar ɗaurin talala don sun sake yaɗa rahoton wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa a kan fataucin miyagun ƙwayoyi. A Najeriya, gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 bayan kamfanin ya goge wani rubutun shugaban ƙasa, kotun ƙungiyar yammacin Afirka ta CEDEAO kuma ta ce rufewar ta saɓa wa doka. Kalma irin «dagula zaman lafiya» tana da faɗin da kowane mai mulki zai iya shigar da abokin hamayyarsa ciki. Ko a Turai an yi tuntuɓe. Jamus ta kafa doka a 2017 mai tilasta sauke abin da haramcinsa ya fito fili cikin sa'a 24, da tarar da ke kaiwa yuro miliyan 50, aka yi ta kukan cewa kamfani mai tsoron tara zai goge halal da haram gaba ɗaya. Faransa ta kwaikwaya, majalisar tsarin mulkinta ta soke zuciyar dokar ranar 18 ga Yunin 2020 saboda wannan dalili. Darasin da ke nan na yadda za a rubuta dokar ne, domin rashinta bai hana a ɗaure ɗan jarida ba, bai hana a katse intanet ba, kamfani kaɗai ya kare. Dole ma'anar kalaman ƙiyayya ta zama ƙunci, ta tsaya a kan abin da aya ta 20 ta yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan haƙƙin jama'a da siyasa ta haramta, wato kiran ƙiyayya ta ƙasa ko ƙabila ko addini da ya kai ga tunzura wariya ko gaba ko tashin hankali. Nijar ta shiga wannan yarjejeniya tun 1986. Tsarin Rabat na 2012 ya ba alƙali abubuwa 6 da zai auna: yanayin da aka yi maganar, matsayin mai maganar, niyyarsa, abin da ya faɗa da yadda ya faɗa, iyakar yaɗuwarta, da yiwuwar ta haifar da cuta. A wannan ma'auni, wanda ya ce minista ya ci kuɗin makamai bai shiga ba, wanda ya ce a ƙone rugar su wane ya shiga. Kuma alƙali ne zai ba da umarnin saukewa, ba minista ko ɗan sanda ba, a rubuce, a bainar jama'a, wanda aka sauke wa rubutu yana da damar ɗaukaka ƙara. Tunda Nijar ta fice daga CEDEAO a watan Janairun 2025, ƙofar kotun ƙungiyar da ke Abuja, wadda ƴan Togo da ƴan Najeriya suka bi suka yi nasara a kan katse intanet da rufe Twitter, ta rufe ga ƴan Nijar, don haka wannan sharaɗi na alƙalin cikin gida mai cin gashin kansa ya ƙara zama wajibi.

Dokar ayyukan dijital ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a kan kowa a watan Fabrairun 2024, ta koyi wannan darasi. Ba ta kama kamfani da laifin kowane rubutu ba. Ta tilasta masa ya buɗe hanyar kai ƙorafi mai aiki, ya ba da dalili idan ya goge, manyan kamfanoni kuma su bayyana yawan masu tace rubutu da suke da su a kowane harshe, su auna haɗarin da tsarinsu ke jawowa su rage shi, ko a ci su tarar da ke kaiwa kashi 6 cikin 100 na cinikinsu na duniya. Sharaɗin bayyana yawan ma'aikata a kowane harshe kaɗai, da za a same shi a Yamai, da an san gaskiyar abubuwa da yawa.

Saura WhatsApp, wanda a Nijar ya fi kowane dandali tasiri, domin saƙon murya ba ya bukatar karatu. Tun 2016 saƙonninsa a kulle suke, kamfanin ba ya iya jin abin da ke ciki, kuma ba daidai ba ne a nemi ya fasa kullen, domin shi ke kare sirrin ɗan kasuwa da majiyar ɗan jarida da hirar miji da mata. Amma rashin jin magana bai cire masa iko a kan saurin tafiyarta ba. Bayan jita-jitar satar yara ta jawo kashe-kashe a Indiya a 2018, kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri 5 a lokaci guda a duk duniya a watan Janairun 2019. A watan Afrilun 2020 ya mayar da saƙon da ya yawaita yawo zuwa wuri 1, ya kuma ce yaɗuwar irin waɗannan saƙonni ta ragu da kashi 70 cikin 100. Da bakinsa ke nan ya tabbatar cewa ginin manhajar na ƙara wuta ko rage ta, kuma yana gyarawa idan babbar kasuwa ta matsa masa. Abin da ya kamata a guje wa shi ne juye nauyin duka a kan mai kula da zaure. Gaskiya ne kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta amince a 2023 da tarar da Faransa ta ci ɗan siyasa Julien Sanchez don ya bar kalaman ƙin Musulmi a ƙarƙashin rubutunsa, amma shi ɗan takara ne a tsakiyar yaƙin zaɓe, a shafin da kowa ke gani, kuma tara ce ba ɗauri ba. Mai kula da zauren ƴan unguwa ko na tsofaffin ɗalibai, wanda saƙo ɗari ke shigar masa yana barci, ba matsayinsu ɗaya ba.

Za a ce Nijar ta yi ƙanƙanta, kamfanin da ke cinikin biliyoyin dala ba zai saurare ta ba, idan an matsa masa ma tafiyarsa zai yi. Ita kaɗai, akwai gaskiya a maganar. Amma abubuwa biyu sun faru a nahiyar nan da suka rage mata ƙarfi. A watan Yulin 2024 hukumar kare masu sayayya ta Najeriya ta ci Meta, kamfanin da ke da Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 a kan yadda yake sarrafa bayanan mutane, kotun sauraren ƙorafi ta tabbatar da tarar a watan Afrilun 2025. A wannan watan dai babbar kotun Kenya ta ce tana da hurumin sauraren ƙarar da Abrham Meareg da abokan ƙararsa suka shigar tun Disamban 2022, duk da kamfanin ya dage cewa a Amurka kaɗai za a iya tuhumarsa. Hujjar cewa kotun Afirka ba ta isa ba ta fara faɗuwa. Nijar kuma ba ita kaɗai ba ce. Ƙawancen ƙasashen Sahel da aka mayar tarayya a Yamai ranar 6 ga Yulin 2024 ya haɗa mutum fiye da miliyan 70, kuma matsalar ɗora wa ƙabila guda laifin ta'addanci iri ɗaya ce a Mali da Burkina Faso da Nijar. A ɗaya gefen, saƙon da aka naɗa da Hausa a Kano ko Sakkwato ana sauraren sa a Maraɗi da Ƙonni a sa'ar da aka naɗa shi, ko dangantakar gwamnatoci na da daɗi ko babu. Hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya, wadda aka kafa a 1971 kuma hedkwatarta ke Yamai, wuri ne da ya dace a kai wannan batu, domin bukatar masu tace rubutu da suka san Hausar Katsina da ta Adar bukata ce ta ƙasashen biyu.

Kira ga masu rubuta dokokin ƙasa a Yamai, da lauyoyi, da ƙungiyoyin ƴan jarida, shi ne a daina sake auna shekarun ɗaurin ɗan ƙasa, a rubuta abin da ya rage: kowane babban dandali ya naɗa wakilin da kotun Nijar za ta iya aika wa sammaci, ya bayyana yawan ma'aikatansa masu jin harsunan ƙasa, ya amsa ƙorafin tunzura kisa cikin ƙayyadadden lokaci, wanda kuma aka cuta bayan an sanar da kamfani ya sami damar neman diyya. A haɗa da ayar da ta hana katse intanet ba tare da umarnin alƙali ba, da wadda ta wanke mai shafi daga maganar wani matuƙar ba a sanar da shi ya ƙi cirewa ba.